Yadda ake duba injin Marsandi M276 kafin a biya kuɗi, da yadda ake riƙonsa bayan an saya

Duk wanda ya ce in raka shi sayen Marsandi, da mun isa wurin dillali nakan ce a buɗe mini boneti tun kafin a miƙo makulli. Sai in kai hannu in matsa babban tiyon lagireto. In na ji shi da ɗumi, an riga an tayar da motar kafin mu zo, kuma a ranar babu abin kirki da zan iya faɗa game da injin. Ɗumin saman boneti ba hujja ba ne a garuruwanmu, tunda rana kaɗai ta isa ta gasa shi. Tiyon ne shaida.

Ina yin haka ne saboda injin da ke cikin yawancin Marsandin da matasa da 'yan kasuwa ke rububi yanzu, wato ML350 da GLK350 da E350 da C350 da GLE350, injin da kamfanin Mercedes-Benz ya sa wa suna M276, babban ciwonsa yana bayyana ne a daƙiƙun farko na tashin safe. Da mai ya zagaya sai ya yi tsit, ya koma kamar sabo har washegari.

Ka fara sanin wane inji ne a gabanka

M276 ya fito ne a 2010, ya gaji M272. Silinda shida gare shi da aka jera kamar harafin V, bawul 24, kamshaf huɗu (sandunan da ke buɗe bawul), gangar jikinsa ta alminiyam ce. Wanda ya fi yawa a hannun mutane shi ne mai lita 3.5 marar tabo (turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska), mai ƙarfin doki 302 da ƙarfin murɗawa 370 Nm. Akwai ƙaninsa mai lita 3.0 da tabo biyu, wanda ke cikin C400 da E400 da ML400, shi kuma doki 329 ne da 480 Nm. A C300 4MATIC ta 2013 da 2014 ma mai lita 3.5 ɗin ne, sai dai an rage masa ƙarfi zuwa doki 248.

Abubuwa biyu suka raba shi da wanda ya gada. Na farko, buɗin V ɗinsa digiri 60 ne, na M272 kuwa 90, shi ya sa bai buƙaci sandar nan mai daidaita girgiza ba, wadda haƙoranta suka riƙa cinyewa a M272 na farko-farko har sai an sauke inji. Na biyu, nozul ɗinsa cikin silinda yake fesa fetur kai tsaye, da matsin da kan kai bar 200. Wannan ne ya ba shi ƙarfi da sauƙin shan mai, kuma shi ne ya sa ba ya yafe wa gurɓataccen fetur.

Sunan da ke manne a bayan mota ba ya gaya maka injin. ML350 ta 2011 M272 ce, ta 2012 kuma M276. GLK350 sai a 2013 ta sauya. Ga kuma al'adar nan ta canza fitilu da bamba a mayar da tsohuwa sabuwar yayi. Don haka leƙa lambar jikin mota mai harafi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka, waɗanda su ne mafi yawan tokunbo, harafi na goma shi ne shekara: C na nufin 2012, D 2013, E 2014, F 2015, G 2016. Ka gwada ta da wadda ke jikin ginshiƙin ƙofa da ta takardun kwastan, su zo ɗaya. Sannan ka sa lambar a intanet. Sau da yawa za ka ga hotunan motar a filin gwanjo kafin a ɗoro ta a jirgi, da malejin da take da shi a lokacin. Motar da ta yi karo ta gaba ana iya gyara ta. Wadda ambaliya ta shanye, ni ban taɓa ba wa kowa shawarar ya saya ba, komai arharta, domin wayoyinta za su yi ta ruɓewa a ɓoye shekara da shekaru. Ka tuna kuma malejin Amurka da mil ake ƙirga shi, mil 100,000 kuwa kusan kilomita 160,000 ne.

Tashin safe

Nan ne zan fi daɗewa, don shi ne rabin binciken.

Ka yi alkawari da mai motar cewa kada kowa ya taɓa ta tun daga daren jiya. Ka je da wani. Shi zai zauna ya kunna, kai kuma ka tsaya a gaban mota, boneti a buɗe, rediyo da esi a kashe. Ka kunna rikodar wayarka, domin kunne yakan yi gardama daga baya.

Kafin a tayar, a murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa. Fitilar inji mai ruwan ɗorawa dole ta kama tare da sauran, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, wani ya rufe ta ko ya kashe ta, kuma ba don alheri ya yi ba.

Sai a tayar. Lafiyayyen M276 yakan tashi nan take, ya ɗan ɗaga murya na ɗan lokaci, ya sauko silo, wato aikin inji a hankali ba a taka totur ba. Za ka ji wani ƙas-ƙas-ƙas siriri mai sauri, kamar keken ɗinki. Wannan nozul ne da famfon mai mai matsi, haka halittarsu take, kada ka bar mota mai kyau saboda shi. Abin da kake nema daban ne: ƙara mai kaushi daga gaban inji, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa, ta yi daƙiƙa biyu, uku, biyar, sannan ta ɗauke.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Kamshaf ɗin injin nan sarƙa ce ke juya su, kuma sarƙoƙin uku ne: ɗaya ta ƙasa daga karanshaf (babbar sandar da fistin ke juyawa), biyu na sama, kowane kan silinda da tasa. Abin da ke ɗame sarƙoƙin saman da matsin baƙin mai yake aiki. A injinan shekarun farko, in mota ta kwana, man yakan tsiyaye ya koma ƙasa, sai sarƙa ta yi sako-sako. Da an tayar sai ta yi ta dukan abin da ke kewaye da ita har mai ya hauro. Kamfanin da kansa ya fitar da gyaran: a sa sabon maɗamin sarƙa, a kuma dasa wani ɗan ƙaramin bawul a hanyar man wanda zai hana shi komawa.

In an bar ƙarar nan ta yi watanni, ba a sarƙa take tsayawa ba. A bakin kowane kamshaf akwai wani gargare mai gyara lokacin buɗewar bawul, yana da ɗan fil da ke kulle shi in an kashe inji. Dukan kullum yana cinye mazaunin fil ɗin. Daga nan ƙarar za ta ƙara tsawo, mota ta fara jan ƙafa kafin ta tashi, fitilar inji ta kama. Gargaren nan huɗu ne, kuma kowanne da tsadarsa.

Na taɓa raka baffana duba wata ML350 baƙa, ta sha wanki tana ƙyalli. Muna zuwa na taɓa tiyo na ji zafi. Dillalin ya ce, "Alhaji, yanzun nan yara suka matsar da ita don a share wurin." Na ce, "Baffa, mu dawo gobe in Allah ya kai mu, daga masallacin asuba." Ransa bai so ba, don motar ta riga ta shiga idonsa. Washegari muka tarar da raɓa a kan gilashi, maigadi na lulluɓe da bargo. Aka murɗa makulli, sai ga ƙarar nan, na ƙirga a zuci har shida kafin ta lafa. Baffa ya dube ni, ya dubi dillali, bai ce komai ba. Motar dai ya saye ta, don sauran jikinta lafiya lau, amma sai da aka cire kuɗin gyaran daga farashi, kuma daga wurin gareji muka wuce da ita.

Ga yadda nake auna abin. Ƙarar da ba ta wuce ƙiftawar ido ba, a motar da ta yi kwanaki a ajiye, ba ta ɗaga mini hankali. Wadda ta kai daƙiƙa uku zuwa sama, gyara ne ke jira. In kuwa aka kashe inji da zafinsa, aka bar shi minti goma, aka tayar ta sake yi, to gargaren kamshaf ya riga ya tafi, ka yi lissafi da babban kuɗi.

Mai a cikin soket

A kashe motar. A gaban kowane kan silinda akwai sansar kamshaf da maganaɗisun da ke sarrafa gargaren nan, biyu-biyu, wato huɗu-huɗu a injin gaba ɗaya. Ka zare soket ɗinsu ɗaya bayan ɗaya a hankali, don robar ta sha zafi tana karyewa, ka haska da tocilan. Ciki ya kamata ya zama a bushe ƙarau. In ka ga mai yana ƙyalli a kan ƙarafunan, sansar tana yoyo ta cikinta.

Mutane da yawa kan raina wannan, su ce ai ɗigo ne. Amma man nan bin cikin waya yake yi, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, ya ratsa har ya isa kwamfutar injin, wadda makanikai ke kira birenbos. Don haka ka sa a zare manyan soket ɗin birenbos ma a leƙa. In mai bai kai can ba, abin da sauƙi: a canza sansar da ke yoyo, a wanke soket da maganin wanke wayoyi. Akwai kuma gajerun wayoyi da ake sayarwa don a sa a tsakani su tare man. In ya riga ya taru a birenbos, ana maganar canza wayarin inji gaba ɗaya, wani lokaci har da sansar salansa da man ya gangara ya lalata.

Tunda kana wurin, dubi murfunan gaban kan silinda biyun. Da gam aka liƙe su, kuma idan gam ɗin ya tsufa mai kan tsattsafo ya gangara kan altaneta. Injin da aka wanke fes aka shafe shi da mai sheƙi yakan sa ni ƙara zuba ido, don ƙura ita ke nuna sawun yoyo.

Buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ka haska ciki. Ƙarfe mai ruwan zuma alamar an kula da juye ne. Baƙin dasƙararren abu kamar kwalta alamar an yi sakaci. Abu mai kama da madara a jikin murfi ko a sandar awon mai na iya nufin ruwa ya haɗu da mai. Leƙa tankin ruwan lagireto tun inji na sanyi: ko shuɗi ko ruwan hoda, amma a tsabtace. Jan ruwa mai tsatsa na nufin ruwan famfo aka daɗe ana ɗura masa.

A sa mata kwamfuta

Kada ka yarda da 'yar ƙaramar na'urar da ke karanta inji kaɗai. Ka nemi mai babbar kwamfutar da ke shiga inji da giya da birki da sauran sassa. Lambobin da suka fi muhimmanci a injin nan: P0016 zuwa P0019, kamshaf da karanshaf ba sa tafiya daidai, wato maganar sarƙa da gargare. P0300 zuwa P0306, wata silinda na fashin wuta, galibi fulogi ko kwayil, wani lokaci nozul. P0087, matsin fetur ya yi ƙasa. P0128, inji ba ya kai zafin da ya kamata, tamostat ke nan, ɗan bawul ɗin da ke tare ruwan lagireto har inji ya yi zafi. P0420 da P0430 kuma na matatar hayaƙin salansa ne, abin da ake kira indomi.

Kwamfuta ta ce babu komai ma ba ƙarshen magana ba ne. Ka ce a nuna maka shafin gwaje-gwajen da mota ke yi wa kanta in tana tafiya. In yawancinsu sun nuna ba a kammala ba, to kwanan nan aka goge laifuffukan ko aka cire batir. Sai a sake karantawa bayan kun dawo daga gwaji.

Indomin nan kuwa, ka shiga rami ka gani da idonka. Sabon walda a jikin tukunyar salansa na nufin an farke an kwashe abin ciki an sayar. Irin wannan motar hayaƙinta na da yaji a ido.

Gwaji a titi

Minti biyar a layin dillali ba gwaji ba ne. Ka nemi rabin awa, da cunkoso da buɗaɗɗen titi, esi a kunne. Allurar zafi ta hau ta tsaya tsakanin 80 da 100, ta zauna nan. In ka yi tafiya mai nisa ba ta kai 80 ba, ko ka ji fanka na ihu tun daga tashi, an cire tamostat ko an haɗa fanka kai tsaye. A tsaye, ƙafa a kan birki, giya a D, sitiyari da kujera kada su yi rawa. In suna yi, yawanci robobin da inji ke zaune a kai ne suka kwanta, tunda masu ruwa ne a ciki kuma suna fashewa. A buɗaɗɗen titi ka taka totur sosai sau ɗaya ko biyu: ta ja ba tare da shaƙewa ba, wanda ke biye da ku a baya kuma ya duba ko shuɗin hayaƙi ya fito.

Bayan ta zama taka

Ranar farko ka yi juye, ko da an rantse maka jiya aka yi. Sarƙa da maɗaminta da gargaren kamshaf duk da matsin mai suke rayuwa, shi ya sa a injin nan baƙin mai ya wuce a yi masa ganin abin shafawa kawai. Ka nemi wanda aka rubuta MB 229.5 a jikin galan, 5W-40 ko 0W-40. Yana cin wajen lita shida da rabi, ka tabbatar da adadin a littafin motarka. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne in ga an ɗura wa irin wannan inji 20W-50 wai don ƙasarmu da zafi. Mai kauri yana jinkirin haurawa sama da safe, a daidai daƙiƙun da sarƙa ke jiransa. Jabun mai kuma ya cika kasuwa, ka sayi naka da kanka a wurin da ka amince, ka tsaya a buɗe galan a gabanka, a canza filta da robobinta.

Kamfanin ya ce juye duk mil 10,000 ko shekara guda. Da ƙurar hunturu da zafin bazara da tsayuwar cunkoso, ni ba na bari a wuce kilomita 6,000 zuwa 7,000, ko wata shida. Filtar iska kuma a duba ta a tsakiyar hunturu da ƙarshensa. In ta toshe a canza, busa ta da iska mai ƙarfi yana yaga takardar.

Fetur: an ƙera injin don mai daraja 95, gidajen manmu kuwa kala ɗaya suke sayarwa. Injin na da sansar da ke sa shi ya sassauta in man bai kai ba, don haka zai yi aiki. Abin da ba ya jurewa shi ne datti da ruwa da gauraye. Waɗanda suka sha man nan mai yawan methanol da ya shigo Najeriya a watan Fabrairun 2022 sun ga yadda motoci suka yi ta mutuwa a hanya. Ka riƙe gidan mai ɗaya ko biyu masu yawan ciniki, ka guji galan ɗin 'yan bumburutu in ba dole ba, kada kuma ka saba barin tanki ya kai ƙasa, don famfon da ke ciki da fetur ɗin yake sanyaya jikinsa.

Nozul ɗin injin nan ba irin wanda ake cirewa a wanke a bakin titi ba ne. Kowanne da lambarsa da ake shigar wa birenbos, kuma in an cire shi sai an sa masa sabon zoben toshiya. Kada wani ya kwance bututun ƙarfen fetur inji na aiki ko yana da zafi, matsin da ke ciki na iya huda fata. Fulogi ma da ƙa'idarsa: bakinsa na da inda ya kamata ya fuskanta a cikin silinda, kuma hakan na samuwa ne in an sa na asali aka ɗaure shi da sifana mai awo a kan 23 Nm. Ɗaurin "ya ji" na hannu ba ya yi a nan. Saboda fetur ba ya bi ta bayan bawul ɗin iska balle ya wanke su, baƙin gawayi kan taru a wurin bayan doguwar tafiya. In silo ya fara rawa alhali fulogi da kwayil lafiya, a buɗe a leƙa.

Tamostat a bar shi a wurinsa. In mota na zafi, akwai dalili: lagireto ya toshe da ƙura, famfon ruwa ya gaji, murfin tanki ba ya riƙe matsi, ko tamostat ɗin ne ya lalace, sai a sa sabo. Injin da ba ya kai zafinsa yana shan fetur fiye da kima, fetur ɗin kuma ya riƙa sauka yana tsinka baƙin mai. Ruwan lagireto a sa irin wanda aka tarar, shuɗi da ruwan hoda ba a haɗa su. Haka man giya: giyar motocin nan mai hawa bakwai akwai mai jan mai, akwai mai shuɗi, a duba da lambar mota kafin a zuba.

In kuma wata safiya ka ji ƙarar gwangwanin nan a taka motar, kada ka jira fitila ta kama. Ka fara da duba yawan mai da irin wanda aka zuba. In duk daidai ne kuma ƙarar na nan, ka kai ta wurin wanda ya taɓa yin aikin, ka tambaye shi ko yana da abin dasa ɗan bawul ɗin nan, don da na'ura ta musamman ake tura shi. Ba sai an sauke inji ba, murfunan gaban nan biyu ake cirewa. Tunda an buɗe, a gwada gargaren kamshaf huɗun a ga ko suna kulle, a canza wanda ya saki. A kankare tsohon gam tas, a sa sabo siriri yadda ba zai matso ciki ya toshe hanyar mai ba, a bar shi ya kama kafin a tayar. Sannan ka bar motar ta kwana a garejin, ka dawo da sassafe a tayar da ita a gabanka kafin ka biya cikon kuɗin aiki.